Wankan Karen Gida da na Ruga: Darasi ga Makiyaya da Mataimakan Likitan Dabbobi

Duk wanda ya taɓa gwada yi wa kare wanka a tsakar gida ya san yadda abin yake ƙarewa. Ana zuba masa ƙwaryar farko sai ya fizge, ya kakkaɓe ruwan a jikin mutane, ya ruga bayan rumbu ya yi birgima cikin rairayi. Ruwan da aka jawo tun asuba ya tafi, sabulu ya tafi, karen ya fi dā dauɗa, wani lokaci ma yaron da ya riƙe shi ya tashi da shaidar haƙori a hannu. Bayan mako biyu kaska ta dawo kamar ba a yi komai ba. Shi ya sa gidaje da yawa a gundumomin Tasawa da Mayahi ba sa waiwayar jikin kare sai ranar da ya ƙuje ya fara wari, sannan a nemo baƙin mai ko maganin ƙwarin gona a shafa masa. A cikin duk abin da za a iya yi wa kare, wannan ne ya fi hatsari gare shi da kuma mai shafawar.

Abin da wannan darasi yake son ya zauna a zuciyar mai karatu guda ne. Wanka shi kaɗai ba ya raba kare da kaska ko ƙuma. Babban amfaninsa shi ne yana ba mai kare damar duba jikin dabbarsa daga hanci zuwa wutsiya, kuma aikin bai cika ba sai an gyara makwancin karen a rana ɗaya.

Me ya haɗa jikin kare da lafiyar garke

Daga Urafan zuwa Kanambakashe, kare ma'aikaci ne. Yana bin garke cikin burtali, yana kwana bakin garken awaki saboda dila da ɓarawo, yana gadin garka, da rani kuma mafarauta su fita da shi. Yana shan ruwa inda tumaki ke sha, yana kwanciya inda yara ke wasa. Saboda haka abin da ke jikinsa ba ya tsayawa a jikinsa.

Misali mafi muhimmanci ga makiyayi shi ne tsila, wato tsutsar ciki mai faɗi. Akwai wata 'yar ƙarama mai suna Echinococcus granulosus da ke zama a hanjin kare. Ƙwanta yana fita cikin kashin kare, ya bazu a ciyawa da ruwa, wani kuma ya manne a gashin karen, musamman wajen gindin wutsiya. Idan tunkiya ko akuya ko saniya ko raƙumi ya haɗiye ƙwan, sai wata jaka mai ruwa ta tsiro masa a hanta ko huhu. Ranar yanka mahauci ya ga jakar, ya yanke wurin ya jefa wa kare, tsutsar ta sake komawa gida. Mutum ma yana kamuwa idan ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba, kuma jakar tana iya shekaru tana girma a hantarsa kafin ya ji ta. Akwai wata tsilar kuma, Taenia multiceps, wadda jakarta ke tsirowa a ƙwaƙwalwar tunkiya. Ita ce ke sa tunkiya ta karkata kai tana zagaye wuri ɗaya har ta daina kiwo. Kare yana ɗaukar ta ne idan ya ci ɗanyen kan tunkiyar da ta mutu da ciwon.

Wanka yana rage ƙwan da ke manne a gashi, amma ba ya taɓa tsutsar da ke cikin hanji. Wannan aikin ƙwayar magani ce mai suna praziquantel, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa karnuka aƙalla sau 4 a shekara a wuraren da ciwon yake.

Matsala ta farko: ruwa

A wannan yanki na jihar Maraɗi ruwan sama yana sauka ne daga wajen Yuni zuwa Satumba. Gulbin Kaba, da ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi, kwari ne busasshe, gorubarsa ce ke nuna inda yake. A ƙauyuka da yawa rijiya tana da zurfi, sai da jaki ko sa ake jan guga, wasu kuma sayen ruwa suke yi a famfo bido-bido. Uwar gidan da ta ga ana zubar da bido biyu a kan kare tana da gaskiya in ta yi faɗa.

Sa'ar da aka yi ita ce karenmu mai gajeren gashi ne, ba ya bukatar wanka kullum. Fatar kare ta fi ta mutum laushi, kuma tana fitar da wani maiƙo da ke tsare ta. Yawan wanka da sabulu yana ɗebe maiƙon, fata ta bushe, kare ya shiga susa. Ga kare mai lafiya, wanka sau ɗaya cikin wata ɗaya zuwa biyu ya isa, sai fa in ya yi birgima cikin mushe ko kashi. Tsakanin wanka da wanka, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a cire masa ƙarangiya. Da lita 8 zuwa 10 ana gama wankan babban kare, in an bi tsarin da ke ƙasa. Karnukan waje masu yawan gashi, waɗanda wasu suka fara ajiyewa a cikin gari, sun fi cin ruwa, kuma sai an taje su kafin a jiƙa, in ba haka ba gashin ya dunƙule ya riƙe laima a kan fata.

Da damana kuma wata dabarar ke zuwa wa yara: a ja kare a kai shi tabki. A hana su. Ruwan da bisashe ke sha ne za a zuba wa ƙwan tsila da sabulu, su kuma yaran da suka tsaya cikin ruwan suna iya ɗauko tsargiya.

Matsala ta biyu: karen da bai saba da hannu ba

Yawancin karnukanmu sun girma ba wanda ya taɓa ɗaga musu ƙafa ko ya leƙa musu kunne. Ranar da aka yi musu taron dangi da igiya da bokiti, gani suke halaka ce ta zo. Cizon irin wannan rana cizon tsoro ne, kuma yawanci a hannun yaro yake sauka, don shi ake cewa ya riƙe tunda shi ne abokin karen.

Maganin wannan shi ne sabo, kuma yana ɗaukar kamar mako guda. Kwana biyun farko, mai ba shi abinci ya riƙa shafa masa wuya da baya yana ci. Kwana biyu na gaba a sa masa igiya a wuya na ɗan lokaci, a ba shi ƙanzo ko ɗan nono, a kwance shi. Daga nan a fara taɓa kunne da ƙafafu, a goga masa jiƙaƙƙen tsumma a kafaɗa. Karen da ya bi wannan hanya yakan tsaya a yi masa wanka da mutum biyu kawai. Wanda aka fara da shi tun yana kwikwiyo ya fi kowanne sauƙi. Yaro yana iya tsayawa kusa don karen ya natsu, amma riƙon kai aikin babba ne.

Matsala ta uku: abin da ake zubawa cikin ruwan

A nan ne aka fi yin ɓarna. Baƙin man mota yana ƙona fata, kare ya lashe shi ya shiga cikinsa. Kananzir da fetur haka. Omo da sabulun wankin kaya mai kaifi suna busar da fata har ta tsage. Piya-piya da sauran magungunan ƙwari da ake sayarwa a kwalba ba takarda suna ratsa fata su shiga jini, na kare da na mai wankan duka. Ragowar maganin feshin wake shi ma ba na jikin dabba ba ne.

Ko maganin kaska na gaskiya yana da ƙa'ida. Amitraz ɗin da ake fesa wa shanu yana zuwa da ƙarfin kashi 12.5 cikin 100, kuma sai an sirka shi da ruwa mai yawa. Awon da ya dace da kare likitan dabbobi ne zai faɗa, ba a ƙiyasta shi da ido ko da murfin kwalba. Ba a sa wa ƙananan kwiyakwiyai, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko karen da ba shi da lafiya. Guba ne ga doki, don haka kada ragowar ruwan ta kai ga doki ko jaki. Permethrin da ake sa wa kare yana kashe kyanwa. Magungunan wannan dangi suna kashe kifi da ƙudan zuma idan suka shiga ruwa.

Don wankan yau da kullum, sabulun wanka mara turare ya isa. Wasu suna dafa ganyen bedi su ɗauraye kare da ruwan bayan ya huce. Ba laifi in bai shiga ido ba, amma kada a dogara da shi a kan karen da kaska ta rufe ko wanda ƙazuwa ta ci.

Matsala ta huɗu: wa zai taɓa shi

Mutane da yawa suna ƙyamar taɓa kare saboda tsarki, har aikin ya koma hannun yara ƙanana. Yana da kyau a sani cewa addini ya halatta ajiye kare don kiwo da gadin gona da farauta. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar nan ke bi, dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har da guminta da yawunta, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, kuma ana wanke ƙwaryar da kare ya sha ruwa a ciki sau bakwai. Mai son ƙarin bayani ya tambayi malamin garinsu. Ta fuskar lafiya shawararmu ba ta saɓa da wannan ba: kare ya samu daronsa da tsummansa da sosonsa, kada su haɗu da kayan gida, mai wanka kuma ya sa tsohuwar riga ya cire ta in ya gama.

Karen da ba a yi wa wanka ko kaɗan

Kafin a ɗebo ruwa, a tsaya a kalli karen daga nesa. Idan halinsa ya sauya cikin 'yan kwanakin nan, mai fara'a ya koma ɓuya, ko mai faɗa ya yi laushi ba dalili, idan haushinsa ya canja, yana cizon itace da duwatsu, yana tangaɗi, ko haɓarsa ta saki yawu na zuba, to a ajiye bokiti. Waɗannan alamomin ciwon haukan kare ne. Ba kowane mahaukacin kare ne ke bin mutane da gudu ba. Wani yana kwance shiru, baki buɗe, kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, mai shi ya ji tausayi ya sa hannu zai ciro. Ƙwayar cutar tana cikin yawun, kuma ƙaramin ƙwarzane a yatsa ya ishe ta shiga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma akwai rigakafi tun 1885, shekarar da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro allurar a Faransa ya rayu. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, ciwon yana yankewa a wurin. A kan wannan ne hukumomin lafiyar mutane da na dabbobi na duniya suka ɗora burin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare zuwa shekarar 2030.

Karen da ake zargi, a rufe shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, in hakan zai yiwu ba tare da an taɓa shi ba, a sanar da ma'aikatar kiwo. Su suka san yadda ake ɗaukar samfur a aika ɗakin bincike kamar LABOCEL da ke Yamai. Shanu da awaki da jakai su ma suna kamuwa in ya cije su.

Haka kuma ba a jiƙa kwikwiyon da bai kai mako 8 ba, sai dai a goge shi da tsumma mai ɗumi. Ba a wanke karyar da ta kusa haihuwa, ko karen da ke zazzaɓi ko zawo, ko mai babban rauni a buɗe.

Yadda ake wankan

A zaɓi wuri nesa da rijiya da randa da murhu, aƙalla taku 30 daga bakin rijiya. A haƙa ɗan rami inda ruwan zai gangara. A shimfiɗa tsohon buhu don kada ƙasa ta zama taɓo. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a yi wankan da safe a inuwa, kuma a taɓa ruwan tukuna, don bidon da ya wuni a rana yana iya ƙona fata. Da sanyin hunturu a bari sai hantsi ya ɗaga, a sirka ruwan ya yi ɗumi, a tsaya inda iska ba ta bugawa.

Na ɗaya, a ɗaure kare da gajeriyar igiya a gindin itace, ƙullin da ba ya shaƙewa. In ana shakkar halinsa, a yi masa takunkumi da tsinken zane: a zagaya bakin, a ƙulla a saman hanci, a sauko a gitta ƙarƙashin haɓa, a ɗaure bayan kunnuwa. Kare da baki yake fitar da zafin jikinsa, don haka kada takunkumi ya wuce minti 10 zuwa 15, kuma in ya fara wahalar numfashi a kwance nan take.

Na biyu, mai wanka ya sa safar hannu ta roba. In babu, ya ɗaura leda mai kauri. Wanda ke da rauni a hannu kada ya yi aikin.

Na uku, tun jikin yana bushe a cire ƙarangiya da kaska. A kama kaska da matsefata daf da fata, a ja a hankali a miƙe, ba murɗawa, a jefa ta cikin gwangwani mai ɗan kananzir ko ruwan sabulu mai kauri. Kada a fasa ta da farce. Kaskar shanu jinsin Hyalomma takan hau kare, kuma tana iya ɗaukar zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini ga mutum.

Na huɗu, a narka sabulu cikin ruwa lita ɗaya a kwano. Wannan ya fi goga sabulun kai tsaye, don yana bazuwa da sauri kuma ya fi sauƙin ɗaurayewa.

Na biyar, a jiƙa jikin da kamar lita 2, da ƙaramin moɗa, kusa da fata, ba watsawa daga sama ba. A fara da wuya, a yi masa zoben kumfa, saboda ƙuma tana gudu zuwa kai in ta ji ruwa. Sannan baya, ciki, hammata, matsematsi, ƙafafu, a ƙare da gindin wutsiya. A bar kumfar kamar minti 5.

Na shida, kai da fuska da tsumma ake goge su. Kada ruwa ya shiga kunne, kada sabulu ya shiga ido. Da zarar kan kare ya jiƙe zai fara kakkaɓewa, shi ya sa ake barin kan sai ƙarshe.

Na bakwai, a ɗauraye da sauran ruwan, daga wuya zuwa baya, hannu ɗaya yana zubawa ɗaya yana matse kumfa. Nan ne bai kamata a yi rowar ruwa ba. Sabulun da ya kwana a fata shi ke kawo ƙaiƙayi washegari.

Na takwas, a goge shi da busasshen tsumma, a bar shi ɗaure kan buhu mai tsabta har ya bushe, sannan a ba shi abinci a sake shi. In aka sake shi da laima, birgima zai tafi yi.

Na tara, a rufe ramin da ƙasa don kada kaji da 'yan awaki su sha. A wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Abin da ido zai nema lokacin wankan

Cikin kunne, tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya su ne maɓoyar kaska. A ɗaga leɓe a dubi dasashi, in karen ya yarda. Na mai lafiya ja-ja ne. In ya yi fari, ga kasala, ga rama, ko jini na fita ta hanci, ko fitsari ya yi duhu, to wataƙila kaska ta sa masa ciwon jini, sai likita.

In aka ga baƙin gari-gari a gindin gashi, a ɗiba a sa kan jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. Karen da ke da ƙuma yakan kasance da tsila, don yana haɗiye ƙumar wajen susa da haƙori.

In gashi ya zube a gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki, fata ta yi kauri da ɓawo, kare ba ya barci don susa, ƙazuwa ce. Wani ƙaramin ƙwaro ne da ido ba ya gani yake haƙa rami cikin fata, sabulu ba ya kai masa. Tana warkewa da allura ko maganin da likita zai auna bisa nauyin karen, kuma sai an maimaita. Tana iya sa wa masu riƙe karen ƙaiƙayi na ɗan lokaci.

Da damana a lura da ƙuraje masu kama da maruru da ɗan rami a tsakiya, musamman a cikin kwiyakwiyai. Tsutsar wani ƙuda ce, wadda ma'aikatan kiwo ke kira ver de Cayor da Faransanci. Ƙudan yana yin ƙwai a inuwa cikin rairayin da fitsari ko kashi ya taɓa, tsutsar ta huda fatar dabbar da ta kwanta a wurin. A toshe ramin da man kaɗe ko basilin, in ta leƙo neman iska a matsa gefe a hankali ta fito ɗungum, a wanke wurin. Tana kama yara ma, ta hanyar kayan da aka shanya a ƙasa.

Makwanci: rabin aikin da ake mantawa

Dalilin da ya sa kaska ke dawowa bayan wanka yana cikin rayuwarta. Kaskar kare, Rhipicephalus sanguineus, sau uku take shan jini a rayuwarta, kuma duk lokacin da ta ƙoshi sai ta sauka daga jikin kare ta hau bango ta shige tsaga. A can take sāke fata, a can kuma macen ke zuba ƙwai dubbai, sannan ta mutu. Tana iya watanni a ɓoye ba ta ci komai ba. Bangon ƙasa mai tsaga, danga, gindin rumbu, tarin itace, duk gidanta ne. Ƙuma ma haka: masana sun ƙiyasta cewa wadda ake gani a jikin dabba kamar kashi 5 cikin 100 ce kawai, sauran ƙwai ne da tsutsa da ke cikin ƙurar makwanci. Wanda ya wanke kare ya mai da shi tsohon makwancinsa ya yi aikin baban giwa.

Saboda haka ranar wanka ita ce ranar shara. A kwashe saman ƙasar makwancin, a ƙone shara da tsofaffin tsummoki nesa da danni da rumbu, a zubo sabon rairayi busasshe. A yaɓe tsagar bango. A wanke buhun kwanciya a shanya shi kan igiya cikin rana. In za a yi feshi, mataimakin likitan dabbobi ya yi shi, yara da kaji suna nesa. A ruga aikin ya fi sauƙi: a sauya wa kare wurin kwana. Idan karnuka uku ne a gida, ukun za a yi wa a rana ɗaya. A riƙa kwashe kashin kare ana binnewa, musamman kwana biyu bayan an ba shi maganin tsila.

In tsautsayi ya faru

In kare ya ciji mutum ko ya yage shi, ko da na gida ne, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na minti 15 cur, ana zuba ruwa ana cuɗawa. In akwai aidin a shafa. Kada a sa barkono ko toka ko ƙasa, kada a ɗaure wurin tam. A tafi asibiti a ranar, a faɗa musu ko karen ya taɓa samun allurar rigakafi da kuma yaushe. A tsare karen da abinci da ruwa aƙalla kwana 10 ana lura da shi, amma kada a jira kwanakin su cika kafin a kai wanda aka ciza.

In bayan an sa wa kare magani ya fara dalalar da yawu, jiki na rawa, yana amai ko zawo ko tangaɗi, guba ce. A sa safar hannu a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a kai shi inuwa, a nemi likita tare da kwalbar maganin, don da sunan da ke jikinta zai san makarin da zai ba shi. Mutumin da ya ji jiri ko ciwon kai ko ganinsa ya dushe bayan aikin, ya cire kayan, ya yi wanka, a kai shi asibiti da kwalbar.

Tsarin shekara

Allurar haukan kare tana farawa daga wata 3 da haihuwa, ana maimaita ta kowace shekara ko yadda likita ya rubuta. Ba ta cikin allurar shanu da ƙananan bisashe da ake yi duk shekara, sai mai kare ya nema da kansa a ma'aikatar kiwo ta gunduma ko wurin likitocin dabbobi masu zaman kansu na tsarin SVPP da mataimakansu na ƙauyuka. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, ana iya riƙe ta a matsayin ranar tuni. Maganin tsila kowane wata uku. Lokacin layya a sa ido sosai: hanta ko huhu mai jakar ruwa, da kan tunkiyar da ta yi ciwon juyi, a ƙone su ko a binne da zurfi, kada a jefa wa kare. Da damana, lokacin da ƙwari suka fi yawa, a duba jikin kare kowane mako. Da kaka a riƙa duba tsakanin yatsunsa saboda ƙarangiya.

Tambayoyin bita ga mataimakan likitan dabbobi

Makiyayi ya ce ya wanke karensa sau uku cikin wata guda amma kaska ba ta ƙare ba. Me za ka tambaye shi game da inda karen ke kwana?

Wata uwar gida ta aiko a taimaka mata a wanke karensu don yawu ya ɓata masa ƙirji, kuma kwana biyu bai ci abinci ba. Me za ka ce a yi, me kuma za ka hana?

Ka lissafa abubuwa huɗu da ake shafa wa kare a ƙauyenku waɗanda bai kamata su taɓa fatarsa ba, ka faɗi abin da za ka ba da a madadinsu.

A zagayenka na gaba, ka zaɓi gida ɗaya mai kare, ku yi wankan da sharar makwancin tare da mai gidan, maƙwabta suna kallo. Ka koma bayan mako biyu ka ƙirga kaskar da ke kunnen karen, ka rubuta a littafinka.